Kilo takwas a aji ɗaya: nazarin lamarin wata ɗaliba a Sakkwato

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 19 ce, daga wani gari a yankin Wurno. Ta samu gurbin karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke Sakkwato, ta kuma samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai mata. A takardar gwajin lafiya ta lokacin rajista an rubuta nauyinta kilo 56, tsawonta mita 1.58. Bayan wata tara, ranar da yayarta ta kawo ta wurin aikina, sikeli ya nuna 64. Ita dai ba ƙibar ce ta dame ta ba. Kukanta kasala, da gyangyaɗi a lacca, da ƙwannafi in ta kwanta, sai kuma ɗinkunan da aka yi mata kafin ta taho da duk suka matse ta. Yayar ce hankalinta ya tashi, domin mahaifinsu ya daɗe da ciwon sukari, ita ce mai kai shi asibiti, ta san abin da ciwon yake ci a jiki da aljihu.

Akwai lissafin da ma'aikatan lafiya ke yi don gwada nauyi da tsawo. Ana ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuma an shiga teɓa. Ɗalibarmu ta shigo jami'a da 22.4, ta zo mini da 25.6. Wato da ƙyar ta tsallaka iyaka, kuma wanda ya gan ta a hanya ba zai kira ta mai ƙiba ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tef ɗin tela. Kewayen cikinta ya kai santimita 84, alhali ana son na mace ya tsaya ƙasa da 80, ko a sauƙaƙe, kada ya wuce rabin tsawon mutum. Nata rabin tsawon 79 ne. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini, ga kuma gado ta wajen uba. Sannan saurin hawan ya yi yawa. A Amurka an daɗe ana cewa ɗan aji ɗaya na ƙara kusan kilo 7, amma da aka bi ɗalibai da sikeli sai aka ga matsakaicin ƙarin bai kai rabin haka ba. Nata ya zarce har abin da ake zuzutawa.

Kafin a ɗora wa abinci laifi sai an kawar da wasu abubuwa. Na sa yayar ta ba mu wuri, na yi mata tambayoyin da ake yi wa kowace mace: al'ada na zuwa kan lokaci, babu juna biyu, ba ta kan wata allura. Awon jini da na sukari duk lafiya lau, babu kumburin ƙafa, babu alamar matsalar ƙwayar maƙogwaro. Sai tambayar da ba a tsallake ta a ƙasar nan: ko tana shan sha-ka-fashe? Yawancin abin da ake sayar wa 'yan mata da wannan suna deksametazon ne, ko siproheptadin mai buɗe ciki, ko haɗin su biyun. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana ƙashi, kuma wadda ta daɗe a kansa ba ta yanke shi rana ɗaya sai da likita. Ta rantse ba ta taɓa sha ba, ko da yake ta ce akwai mai sha a ɗakinsu. Fuskarta ma ba ta nuna ba, na yarda da ita.

Abin da takardar mako guda ta nuna

"Malama, ni fa wallahi ba ni cin abinci da yawa. Wata rana sau ɗaya nike ci."

Gaskiya ta faɗa, kuma kusan duk mai irin wannan matsala haka yake cewa. Na ce ta je ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na mako guda, har da abin sha, ta sa lokaci a gefe, kada ta canza komai don ta burge ni.

Ga yadda yininta yake. Ba ta karyawa, domin lacca ƙarfe takwas ce, ita kuwa sai bakwai da rabi take iya tashi bayan ta koma barci da asuba. Wajen sha ɗaya ko sha biyu, rana ta take, sai ta sayi lemon kwalba mai sanyi da fanke ko cincin. Bayan azahar wani lemon, ko zoɓo, ko kunun zaƙi na roba. Da la'asar, in da hali, taliya da manja da yaji, ko awara. Abincin gaske sai wajen sha ɗayan dare, in an taso daga karatu: indomi babbar leda da ƙwai biyu a wurin mai shayi, da shayi mai kauri. Ta koma karatu ko hira a waya har biyu na dare.

Wannan cin daren ya isa a tsaya a kansa. Taliyar leda soyayya ce tun daga kamfani, kowane giram 100 na ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 450, ledar giram 120 ta haura 500 ke nan. Ƙwai biyu kusan 150. Man da mai shayi ke kwararawa a kasko ba ya auna shi, kuma babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. A haɗa da kofin shayi mai madara da Milo da sukari, an wuce 1,000 a zama ɗaya. Rabin abin da mace irinta ke buƙata a yini ke nan, ta kuma kwanta a kansa. Ƙwannafin ma daga nan yake.

Da na tambaye ta yadda take a gida, sai bambancin ya fito fili. Can da safe akwai koko da ɗumame. Da rana fura. Bayan magariba tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kafin goma an rufe gida. Ba wanda ya taɓa kiran abin da take yi motsa jiki, amma ita ke shara, ita ke surfe da daka, ta ja ruwa a rijiya, ta yi wanki, ta taka zuwa boko da Islamiyya ta dawo. Lemon kwalba sai biki ko Sallah. Ba ta taɓa zama ta tsara wa kanta abinci ba, gidan ne yake tsara mata lokacin ci da abin ci da aikin da zai narkar da shi. Ranar da aka sauke mata akwati a makaranta duk wannan ya tsaya a gida, aka bar ta da kuɗin kashewa da waya. Waɗanda suka yi jami'a kafin 1984 suna ba da labarin kafteriya da tikitin abinci sau uku a rana. Tun da gwamnatin soja ta wancan lokaci ta janye tallafin, ɗalibi shi ke ciyar da kansa, kuma ba a koya wa kowa yadda ake yi.

Lissafin da na yi mata a takarda shi ya fi girgiza ta. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori wajen 7,700. Kilo takwas a wata tara, in aka raba, rarar da ke shiga kowace rana ba ta fi 230 ba. Ƙiyasi ne, jiki ba ya bin lissafi sak, amma ya nuna girman abin. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana da sukari sama da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, kalori fiye da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya na son sukarin da babba ke ƙarawa a yini duka kada ya wuce giram 50, ya fi kyau ma a tsaya a 25. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini, ita kuma a bazara biyu take sha, ban da zoɓo da shayi. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ciki ba ya lissafa shi a abinci. Mutum ya sha ya tashi da yunwarsa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, wai don a rage sha. Naira biyar ke nan a kwalba. Ban taɓa ganin wanda ta hana ba.

Zafin gari

Wanda bai zauna Sakkwato ba zai yi saurin cewa ai sai ta daina shan lemo ta riƙa tafiya a ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma ba na awa ɗaya ba, tun hantsi har la'asar. A irin wannan yanayi ba a son abinci mai nauyi da rana, shi ya sa cin ya koma dare. Ba a son taka ƙasa, shi ya sa tafiyar minti goma ta koma ta kabu-kabu. Ɗaki ba ya kwantuwa da wuri, shi ya sa barci ya koma biyu na dare. Ruwan da ke jarka kuwa ya yi ɗumi, ba ya kashe ƙishi. Da na matsa mata da tambaya a kan me take ji lokacin da take miƙa kuɗin lemo, sai ta ce ita abu mai sanyi kawai take so ya ratsa maƙogwaronta. Wannan amsa ta sauƙaƙa aikin, domin sanyi ana samunsa ba tare da sukari ba.

Ƙarancin barci ma yana da nasa hannu. Mai shekarunta na buƙatar awa bakwai zuwa tara, ita tana samun biyar, a gutsuttsure. In barci ya gaza, sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa a jini, mai sanar da ƙoshi ya ragu, kuma kwaɗayin ya fi karkata ga zaƙi da maiƙo. Gyangyaɗin lacca da take maganinsa da lemo, asalinsa daren jiya ne.

Azumi ya faɗo mata cikin wannan zafi, ta ɗauka zai rage ta. Bai rage komai ba. Buɗa-baki da lemo da kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali, sahur da indomi, yini kuma a kwance.

Kafin ta zo wurina ta gwada nata maganin. Wata a WhatsApp ta sayar mata da shayin rage tumbi. Yawancin irin waɗannan akwai filasko ko danginsa a ciki, aikinsa gudawa. Sikeli yakan sauka kwana biyu saboda ruwan jiki ya zube, kitse na nan inda yake. A bazarar Sakkwato wannan wasa da rai ne, kuma sai da jiri ya kusa kayar da ita a banɗaki ta bari. Daga nan ta koma ƙin cin komai sai dare, cikinta ya fara zafi, ƙawaye suka yanke mata hukuncin olsa ce, maganinta kuma madara da lemon malt. A nan sai na ɗan yi tsaye, don maganar ta yi yawa a bakin ɗalibai: yunwa tana tayar da zafin ciki, amma abin da ke haddasa gyambon ciki galibi wata ƙwayar cuta ce, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak. Malt da madara kuma ba ya warkar da shi, ba ya ƙara jini yadda ake faɗa. Sukari ne aka ƙara a kan sukari.

Sai kuma Inna

Da ta je hutun zango na farko gida ya ɗauka da murna. Boko ya karɓe ta, ta murje, ta zama mace. Da yayar ta kira mahaifiyarsu a waya a gabana ta ce an ce a rage, ga abin da na ji:

"A rage mi? Wagga ɗiya da ta tahi kamar sillen kara, yanzu Allah ya ba ta jiki ku ce ciwo na? Ku ƙyale min ɗiya."

Ban ga laifinta ba. Matar da ta ga fari, ta ga yaran da tamowa ta kama, rama ce abin tsoronta. A wurinta ɗiyar da ta dawo da kumatu shaida ce cewa ba ta wulaƙanta a birni ba. Na karɓi wayar na gaishe ta, na ce, "Inna, ba ramar da ita za mu yi ba. Jikinta na nan. Ciwon Baba ne ba mu so ya same ta, kuma abin kwalba ne ke kai mutum can." Ta yi shiru, sannan ta ce in dai lemo ne a hana ta, dama ba abincin kirki ba ne, amma kada a taɓa mata hura. A kan haka muka rabu. Da na ce mata ɗiyarta ta yi ƙiba da yawa, da har yau muna gardama.

Furar ma ban yi niyyar taɓawa ba. Gero da nono abinci ne mai riƙe ciki. Sharaɗi biyu kawai na sa: a dama ba sukari ko da ɗan kaɗan, kuma a ɗauke ta a matsayin abincin rana, kada a ci shinkafa sannan a kora da ita.

Abin da aka canza

Ban ba ta takardar abinci mai awo ba. Ɗalibar da ke girki a kan risho a lungun ɗaki ba za ta bi ta ba. Mun fara da abin sha kaɗai, mako biyu ba a taɓa komai ba sai shi. Yayar ta sayo mata ƙaramin tulu. Tulun ƙasa yana tsatsafar da ruwa ta jikinsa, iska ta busar, abin da ke ciki ya yi sanyi, kuma busasshiyar iskar garin nan ta fi dacewa da shi. Ba ruwansa da wuta. In tana waje, fiya wata mai sanyi, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na lemo ba. Lemo ya koma na ranar Juma'a. Zoɓo ta riƙa dafa nata da citta da kanumfari, ta sa sukarin da idonta ya gani.

Sannan aka juya yinin. Karatun dare ya koma bayan sallar asuba, lokacin da gari ke da sanyi kuma ɗaki shiru. Kwanciya kafin sha ɗaya, da ɗan ƙailula bayan azahar in babu lacca. Wannan ne ya fi ba ta wuya, domin duk ƙawayenta 'yan kwana-karatu ne, suna ganin wadda ta kwanta da wuri ba da gaske take ba. Karin kumallo ya dawo: koko da ƙosai, ko ɗumamen abin da ta dafa jiya. Abincin dare ya dawo tsakanin magariba da isha'i. Wake ya shigo sosai, garau-garau wanda wakensa ya fi shinkafa, ɗanwake, alala, da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Mai kuma da cokali ake zubawa, ba daga bakin galan ba. Indomi ban hana ba, don na san ba za a bari ba. Ƙaramar leda, rabin sinadarin ɗanɗanon da ke ciki saboda gishirinsa, a yanka albasa da tumatir da kabeji ko karas, ƙwai dafaffe. Garin da fadamun Rima ke ciyarwa bai kamata a ce ɗalibi ya rasa albasa da ganye ba, kuma a lokacinsu kankana da yalo da mangwaro sun fi cincin araha.

Motsa jiki ga budurwa a nan sai an yi dabara. Ba za ta sa wando ta fita gudu ba, kuma ban nemi haka ba. Abin da ake so ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar. Da jami'ar tarayya ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Dundaye, da ta jiha da ke wajen hanyar filin jirgi, duk Allah ya hore musu fili. Laccar safe ta riƙa zuwa a ƙasa, da hijabinta da takalmi mara tsini. Da la'asar sakaliya su zaga ita da wata 'yar ɗakinsu. Tsakar rana kuwa na ce ta hau kabu-kabunta, ba a jayayya da ranar Afrilu.

Bayan wata huɗu nauyinta ya sauka zuwa 61, lissafin ya koma 24.4, kewayen ciki 80. Ƙwannafi ya tafi tun makon da cin dare ya tsaya, gyangyaɗi ya ragu. Ba a koma 56 ba, ban kuma sa mata shi a gaba ba. Mai shekara 19 jikinta bai gama zama ba, wani abu daga cikin ƙarin nata ne na halak. Santimita ɗaya ta rage tsakaninta da rabin tsawonta, shi muke bi.

Abin da ke ba ni takaici a lamarin shi ne arahar rigakafinsa. Nauyinta na rubuce a takarda tun ranar rajista, ba wanda ya sake dubawa. Da tana hawa sikeli sau ɗaya a wata, ko tana zagaya tef a cikinta, da tun a kilo biyu na farko an gane inda aka dosa, lokacin da ajiye kwalba ɗaya a rana ya isa. Iyaye kuma in suna haɗa kayan makaranta, katan ɗin indomi da gwangwanayen madara da sukari ake fara lodawa, don su ne ba sa lalacewa. Wake da gero da busasshen zogale da kuka da ƙuli-ƙuli su ma ba sa lalacewa, kuma a gidansu akwai su a rumbu.

Inda tsarin ya karye shi ne lokacin jarabawa. Mako uku ta koma kwana-karatu da shayin mai shayi, kilo ɗaya ya dawo. Ta zo tana jin kunyar hawa sikeli. Na ce ta hau, mu rubuta, a ci gaba daga nan. Mun yi shawara cewa jarabawa mai zuwa za ta dafa wake da yamma ta ajiye, in dare ya yi yunwa ta taso ta ci gyaɗa ko dabino uku maimakon ta fita. Ko zai riƙe, sai zangon ya zo. A aji biyu kuma za ta bar ɗakin makaranta ta koma gidan yayar a cikin gari, inda akwai firji da abincin gida amma tafiyar ƙasa za ta koma ta bas, don haka zagayen la'asar sai an sake masa wuri da abokiyar tafiya. 'Yar ɗakin nasu mai shan sha-ka-fashe ta aiko a tambaye ni ko za ta iya zuwa ba tare da an gaya wa gidansu ba. Na ce ta zo da kwalin maganin a hannunta, kuma kada ta daina sha kafin likita ya gan ta.